Taubashi a Bakin Fili

"Ba ni busawa," in ji Basiratu.

Malam Tahiru, shugaban kwamitin gasar ƙwallon hutu ta Filinge, ya tsaya a gabanta yana haki, domin da gudu ya ratso fili daga rumfar manyan baƙi, riga tana sharar ƙasa. Ya dubi agogon hannunsa, ya dubi gabas inda hadari ya fara haɗa kai, sannan ya dube ta.

"Madam, ni na sa ki wurin ga. Na ce ki busa a ci gaba."

"Shi hita tukuna."

"Wa?"

"Ka san shi, Shugaba. Ga shi can bisa benci, da jar hula."

Wasan kusa da na ƙarshe ne, tsakanin Unguwar Tudu da matasan Bonkuku, kuma Basiratu, malamar motsa jiki a kolej, ita ce arbit, wato alƙaliyar wasan. Saura kwata a tashi wani ɗan Tudu ya kwashe ƙafar ɗan Bonkuku a gaban gola, ta busa fanalti. Nan take Yazid mai gyaran babur, wanda shi ke ba 'yan kallon Tudu waƙa, ya haye benci da lasifikarsa.

Da farko abin da ta saba ji ne: arbit, koma gida, tuwo na ƙonewa. Wannan tun tana koyon alƙalanci a Yamai take jin sa, ya zame mata kamar kukan kaji. Amma Yazid bai tsaya nan ba. Ya sauko da waƙar kan jikinta. Ya yi wa ƙirjinta baiti, yadda yake yi in tana gudu. Ya yi wa wandonta baiti. Ya tambayi jama'a da me mace mai shekara ashirin da shida, ba miji, ta sayi usur a hannun kwamiti, ya kuma ba su amsar da kansa. Bakuna sun fi ɗari uku suka karɓa, har da tafi. Ana cikin haka sai ga muciya ta taso daga cikin taro tana juyi a sama, ta faɗo kusa da ƙafarta.

Ta san muciyar. Ƙonanniyar ƙota gare ta. Da ita ta tuƙa tuwon jiya.

Sai ta ɗauki ƙwallo ta rungume a hammata, ta cire usur daga baki, ta tsaya. Doka tana tare da ita. Bara an fasa wa wani arbit kai da dutse, shi ya sa bana ƙungiyoyi goma sha biyu suka sa hannu a takarda ɗaya: ɗan kallon da ya ci mutuncin arbit a fitar da shi, a rubuta sunansa, kwamiti ya hana shi fili.

Malam Tahiru ya matso, ya rage murya. "Haba, ɗiyata. Ai taubashinki ne."

Gaskiya ya faɗa. Yazid ɗan Gwaggo Habsa ne, yayar babanta. Ɗan mace da ɗiyar namiji, abokan wasa tun daga ciki. A gidan Gwaggo aka ajiye Basiratu tana shekara goma sha ɗaya, da aka kawo ta daga ƙauye don ta shiga kolej, kuma har yau can take kwana. A ƙasar Kurfai, inda Filinge take, kowa ya san abin da taubashi ya faɗa maka ba zagi ba ne, komai ɗacinsa. Ka rama, ko ka yi dariya. Ba a fushi, ba a kai ƙara.

"A gida taubashina ne," in ji ta. "Nan ɗan kallo ne."

'Yan wasa sun gaji da tsayuwa. Wasu suna tsalle don kada jiki ya mutu, wasu sun zauna suna zare ƙaya daga safa. Kyaftin ɗin Bonkuku ya zo yana roƙo, ya ce in ruwa ya riga su sauka motarsu ba ta wucewa. Iska ta taso tana kaɗa tutocin kusurwa. Taro yana ihu, wasu a busa, wasu a fitar da shi, wasu ihun kawai suke yi. Basiratu ta ƙara dafe ƙwallo, ba ta gusa ba.

Minti goma sha biyu aka yi a haka. Daga ƙarshe Yazid ya ga abin zai zama asarar ƙungiyarsa, ya diro daga benci, ya cire hula ya rusuna mata har ƙasa kamar mai gaida sarki, ya nufi ƙofa yana taka rawa da baya.

"Sai kin zo gida, baiwata!" ya faɗa a lasifika. Aka kwashe da dariya.

Ta busa. Bonkuku suka ci fanaltinsu, amma bai ishe su ba, aka tashi biyu da ɗaya. Tudu ta kai wasan ƙarshe, ranar Asabar mai zuwa.

A ƙarƙashin rumfa, ruwa yana dukan kwano, ta ɗora takardar rahoto a gwiwa. Malam Tahiru yana tsaye a kanta.

"Rubuta 'wani ɗan kallo'. Ya isa. An hitar da shi, kin ci."

Ta rubuta sunan Yazid, da na ubansa, da unguwarsa. Ta miƙa masa takardar, ta miƙa masa muciyar. Ya karɓa kamar an ba shi garwashi, ya ce kwamiti zai zauna ranar Alhamis, daga nan zuwa can tana iya janyewa.

Ta iske Gwaggo Habsa a madafa tana fama da wata guntuwar muciya ta aro.

"Ke, kin ga muciyata? Tun azahar nike nema."

"Tana hannun kwamiti, Gwaggo. Shaida ce."

Gwaggo ta yi dariya har tana share ido da bakin zane, domin labari ya riga Basiratu isowa, amma rabinsa. Da ta ji sauran rabin, dariyar ta tsaya. Ta aika aka kira Yazid daga ɗakinsa. Yana shigowa ta cire takalmi, ba ta ko tambaye shi ba, ta ɗirka masa a baya sau uku, ƙaton mutum mai mata da ɗiya, yana kare kai yana cewa, "Inna, wasa ne, wallahi wasa ne!"

"Wasan banza! Da muciyata?" Ta ƙara masa ɗaya. Sannan ta mai da takalminta, ta juyo tana numfashi. "To, ga shi na buge miki shi. Magana ta mutu cikin gida. Gobe ki tai ki amso takardarki."

"Takarda ta riga ta tafi, Gwaggo."

"Wadda ta tafi tana komowa."

"Ba ni amso ta."

Gwaggo ta dube ta. Ba faɗa ta yi ba, da ma ta yi ya fi sauƙi. Ta ce, "Ni da ubanki ciki ɗaya munka hito. Wasan ga da kuke yi, shi ne igiyar da ta ɗaure gidana da nashi bayan ba mu. Ban taɓa jin wadda ta kai taubashinta gaban mutane ba. In kin fara, ke kika fara." Ta koma ga tukunyarta.

Kwana huɗun nan Basiratu ba ta san zama ba. Makaranta tana hutu, ba aji da za ta ɓuya a ciki. In ta shiga ɗaki sai ya yi mata zafi, in ta fito tsakar gida sai ta ga idanu. Ta wanke rigar arbit da ba ta yi datti ba. Ta ɗauko littafin dokoki ta karanta layi ɗaya sau biyar. Da hantsi ta ɗaura takalmi ta bi hanyar gonaki da gudu, hatsi ya kai mata kafaɗa hagu da dama, manoma suna ɗagowa daga kan hauya suna bin ta da kallo, ta yi ta gudu har ƙirjinta ya yi zafi, ta dawo ba abin da ya ragu.

Babanta ya aiko da murya ta waya daga ƙauye. Gajeriya ce. Ya ce ya ji, ya ce Habsa ce ta riƙa masa ita shekara goma sha biyar ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ya ce ta duba. Basiratu ta saurara sau uku, ta fara amsa, ta goge.

Abin da ya fi cin ranta shi ne ba ta iya ƙin Yazid. Ta gwada. Sai ta tuna makon farko da aka kawo ta gidan nan, tana kuka a bayan rumbu, shi ne ya zo ya tsaya yana kwaikwayon kukan nata da muryar akuya har ta fashe da dariya da majina. Ta tuna ita ma ba ta raga masa ba. Ranar ɗaurin aurensa ta ɓoye masa takalmi, ta tsaya gaban surukansa ta ce su duba kunnuwansa da kyau, in ba su son jikoki masu kunnen jaki lokaci bai ƙure ba. Ya yi dariya ya fi kowa. To mene ne bambancin? Tana jin akwai shi, amma ta kasa fitar da shi da kalmomi. Hakan ya sa ta ƙara zagaya tsakar gida.

Ranar Laraba da safe tana wanke-wanke a bakin randa, sai ga shi ya zo ya tsuguna nesa kaɗan. Matarsa tana tankaɗe, Gwaggo tana tsince wake, wasu maƙwabta biyu sun shigo ɗibar wuta ba su fita ba. Basiratu ta gane an shirya. In ta yi dariya, ko ta mayar masa da baƙar magana ɗaya tak, shi ke nan, shaidu sun gani: wasa ne, ya ci gaba, takarda ta zama banza.

"Baiwa, ina kwana? An ce kin kai ubangidanki kotu."

Ta ci gaba da cuɗa kwano.

"To, ni dai na shirya. Na gaya ma Inna, in an ɗaure ni a riƙa kai mini tuwo, amma kada ke ki tuƙa. Hukunci biyu ya yi yawa ga mutum ɗaya."

Matarsa ta tuntsire. Maƙwabta suka kama. Ita kanta Basiratu ta ji dariyar ta taso mata daga ciki, ga kuma amsa ta zo mata har bakin harshe, mai kyau, wadda za ta kwantar da shi a gaban matarsa. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini. Ta ɗauraye kwano ta kife, ta ɗauki wani.

Ya jira. Ya ƙara ɗaya, ya ƙara wata. Dariyar mutane tana raguwa. Can ya miƙe ya karkaɗe wando.

"Basiratu," ya ce. Rabon da ya kira ta da sunanta ta manta. "Shekara shidda nike bin ƙungiyar ga. Ba mu taɓa zuwa wasan ƙarshe ba sai bana."

"Na sani."

"To?"

Ta ɗauki wani kwano. Ya fita.

Ranar Alhamis bayan la'asar kwamiti ya zauna a ƙarƙashin itacen dogon yaro a gidan matasa. Mutum bakwai a kan kujerun ƙarfe, muciya a kan tebur, 'yan Tudu sun cika katanga. Malam Tahiru ya karanta rahoto da sauri, ya tsallake wasu layuka, sannan ya miƙa magana ga tsoho Ɗandije, tsohon ɗan kokawa da aka sa a kwamiti don furfurarsa.

Ɗandije ya gyara sanda tsakanin gwiwoyinsa. "Ɗiyata, ni ban san bokonku ba. Tambaya ɗaya gare ni. Yaron ga taubashinki ne, ko ba taubashinki ba ne?"

"Taubashina ne, Baba."

"To, mi ya kawo mu?" Ya buɗe hannuwa. Katanga ta ɗauki sowa. "Doka ta ce wanda ya zagi arbit. Taubashi ba ya zagi. Ko alƙali ya san wannan."

Basiratu ta miƙe. Ba ta shirya komai ba, kwana huɗu tana nema ba ta samu ba. Sai ta ga muciyar, ta ga furfurar tsohon, magana ta zo da kanta.

"Baba, in wasa ne, shi sake yi. Ga ni, ga shi, ga ku. Shi rera waƙar tun daga farko, yadda ya yi ta ranar Asabar. In ya ƙare ni kuma in rama, kowa shi yi dariya mu tashi."

Aka juya ga Yazid. Ya yi murmushi, ya buɗe baki, ya dubi Ɗandije, ya dubi liman ɗin unguwarsu da ke zaune a gefe. Ya soma da baitin tuwo, aka ɗan yi dariya. Ya tsaya.

"Ci gaba," in ji Basiratu. "Akwai na ƙirji. Akwai na usur."

Ya sunkuyar da kai yana murza hula.

"Wanne ne na usur?" Ɗandije ya tambaya, don shi ranar yana gona. Ya kira sakataren kwamiti da yatsa, sakatare ya duƙa ya raɗa masa a kunne. Fuskar tsohon ta canza.

"Baba, wasan da na sani," in ji Basiratu, "ido da ido ake yin shi, ya faɗa in faɗa. Na sha yi mashi wanda ya fi zafi, shi shaida ne. Amma ranar nan usur ke bakina, ba ni da ikon ramawa, kuma ya sani, don haka ya zaɓi wurin. Sannan ba shi kaɗai ya rera ba. Mutum ɗari uku sunka amsa. Su ma taubasaina ne? Jiya na bi ta tasha, wani da ban taɓa gani ba ya bi ni da baitin nan. Shi ɗan wace gwaggo tawa ne? In kun ce wasa ne, to, kun ba garin ga duka izini. Ni da duk macen da ta ƙara riƙa usur."

Ta zauna.

Ɗandije ya buga sanda a ƙasa a hankali. Sannan ya dubi Yazid. "Yaro, abin da ba ka iya faɗi gaban furfura, ba wasa ba ne. Ka ɗauki kayan cikin gida ka kai kasuwa." Ya juyo ga Basiratu, bai kuma sassauta fuska ba. "Ke kuma kin yi gaskiya. Amma ki sani, ba a ɗinke irin wagga ɓaraka."

Aka ɗaga hannu, biyar da biyu. An hana Yazid shiga fili a wasan ƙarshe da duk gasar baɗi. 'Yan Tudu suka sauka daga katanga suna tsaki, wani ya tofar da yawu kusa da takalminta. Kafin a watse Malam Tahiru ya ƙara sanarwa ɗaya, ba tare da ya dube ta ba: don kwanciyar hankali, wasan ƙarshe wani arbit daga Abala zai busa shi. Da ma ita aka yi wa alkawarinsa tun farkon gasa.

Ranar Asabar ba ta je ba, shi ma bai je ba. Gida ɗaya suka yini, katangar zana a tsakaninsu, suna jin ihun fili yana tasowa yana faɗuwa da iska, kowa yana ƙoƙarin gane wa ya ci daga irin ihun. Ta fito ta koma ya fi sau goma. Tudu ce ta ɗauki kofi. Samari suka zagayo da shi ta ƙofar gidan suna kiran sunan Yazid, bai fito ba.

Gwaggo Habsa ba ta kore ta ba. Ba ta ma ɗaga mata murya ba. Daina aikenta ta yi. Ta daina yi mata faɗa a kan ɗankwali, ta daina shiga ɗakinta ba sallama. Abincinta aka riƙa zubawa a kwanon baƙi mai murfi, a ajiye mata a bakin ƙofa. In Basiratu ta ɗauki tsintsiya sai Gwaggo ta ce, "A'a, bari, kada ki wahala." Babanta ya yi wata biyu bai kira ba.

Yazid kuwa ya zama mai ladabi. In sun haɗu a zaure sai ya ja gefe ya ba ta hanya, ya ce, "Ina kwana, Madam? Ina aiki?" Ita kuma ta ce lafiya lau. Sau ɗaya ta gwada, bayan girbi, da ya yi aski kunnuwansa suka fito fili. Ta ce masa iska za ta ɗauke shi. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo, ya ce, "Hakanan ne, Madam," ya wuce.

Da aka koma makaranta ta kama ɗaki kusa da kolej. Gwaggo ta taya ta ɗaure kaya, ta yi mata addu'a, ba ta ce ki zauna ba.

Damina ta zagayo, aka buɗe gasa, Basiratu ta busa wasa tara. An yi mata ihu a kan fanalti, an ce ba ta gani, an ce 'yan Abala sun saye ta, duk abin da ake yi wa kowane arbit. Ba wanda ya ƙara taɓa jikinta da baki. Wannan ta samu, kuma da za a mai da ita gaban Ɗandije, abin da ta faɗa shi za ta sake faɗa. Abin da ta biya shi ne gidan da ya rene ta shekara goma sha biyar, inda yanzu sai ta yi sallama ta jira a amsa, da mutum ɗaya a duniya da yake da ikon zaginta ta yi dariya. Shi ba ta samu madadinsa ba.